Matar Gwamnan Inuwa

Kalmar farko da na koya a Alkahira ita ce shakka. Haka ɗalibanmu ke kiran gidan haya na cikin bene, wai Larabci ne. Ranar da na ji maigidana ya ce zai fita neman shakka, sai na ce a raina, Malam, ai ba sai ka wahala ba, ga ta nan fal cikina tun da jirgi ya ɗaga da mu.

Shi karatu ya kawo shi, fiƙihu yake yi a jami'a. Ni kuwa aure ya kawo ni, da goyon 'ya mace da ba ta cika shekara ba. Karatuna bai wuce na allo da 'yan azuzuwan firamare ba, amma ido dai Allah ya ba ni, kuma a ƙasar da ba ka jin yarenta ido ne kunnenka.

Mun fara zama a unguwar Hayyin Ashir, a wani ɗaki na ƙasan bene da bangonsa ke gumi kamar sabon tulu. Da sanyi ya shigo sai ƙirjin yarinyar ya fara kuka, wani sauti siriri kamar an taka ɗan kyanwa. Na riƙa kafa kunne a bayanta ina saurare, har Malam ya ce zan ƙarar mata da numfashin da sauraro. Likitan da muka je wurinsa ya rubuta magani, sannan ya nuna sama da biro ya ce, "Shams." Rana ke nan. Ya ce in ba a fitar da ita daga danshin nan ba, maganin ba zai yi komai ba.

Haka muka samu shakkar Hagga, a hawa na uku, cikin unguwar dai. Tagogi biyu suna kallon gabas, ga 'yar baranda. Da hantsi rana kan shigo ta kwanta a tsakar falo kamar baƙuwar da ta saba da gida, ni kuma in shimfiɗa yarinyar a ciki ina juya ta kamar mai shanyar kuɓewa. Ba a daɗe ba kukan ƙirjin ya ragu, ni ma na fara barci da idanu biyu a rufe.

Hagga ita ce mai benen, dattijuwa ce, mijinta ya rasu. Tana zaune a hawa na huɗu, daidai kanmu. Ba ta cika saukowa ba saboda gwiwa. Kwando gare ta mai igiya, ta zuro shi daga baranda, mai burodi ko mai tumatir ya sa mata, ta ja. Daga barandar nan take mulkin titin gaba ɗaya, abin da ya kuɓuce mata kuma bawwab, wato mai gadin ƙofar bene, ya hau ya ƙarasa mata. Ranar da ta ba mu makulli ta ja kumatun 'yata ta ce don ita ta yarda. Sharaɗinta biyu, Malam ya fassara mini: iyali ta ba wa, ba gwauraye ba, kuma ba ta son taro. Na ce ya gaya mata ta kwantar da hankalinta, mijina ko gaisuwa sai an ja shi.

Da gaske nake. Mutum ne da in ya shiga littafi sai ka taɓa shi ka ji ko da sauran rai. Abu ɗaya ne kawai ke tayar masa da jijiyar wuya, a tambaye shi daga wace jiha yake.

Ni da shi 'yan ƙauye ɗaya ne, a ƙasar da aka yanka aka yi Babban Birnin Tarayya. Ina ƙarama aka zo da manyan motoci aka kwashe mu, aka kai mu wasu gidajen bulo da aka jera a fili. Gonar kakansa yanzu titi ne mai fitilu. Tun daga nan muka zama mutanen da ba su da jiha. Kowa yana da gwamnansa, ko ya yabe shi ko ya zage shi. Mu minista ake naɗo mana daga wani wuri, mu ji sunansa a rediyo kamar yadda kowa ya ji. A gida wannan bai taɓa damuna ba, tuwo ba ya tambayar jiha. Sai da muka tsallake hamada sannan na ga ashe ciwo ne.

'Yan Arewa na unguwarmu suna da wani zaure da suke zama bayan sallar Juma'a, kowace jiha da wakilinta, kowane wakili da ƙuri'arsa. Su ke yanke wanda za a tura aikin alhazai in lokaci ya yi, da wanda zai tarbi manyan baƙi, da inda za a yi walimar salla. 'Yan Birnin Tarayya kuwa an ba su benci a baya, kusa da inda ake ajiye flas ɗin shayi. Suna iya magana, amma in an ce a ɗaga hannu sai su riƙe nasu.

Shekarar da soja suka sauka aka zaɓi gwamnoni a gida, zauren ya ɗauki zafi. Kowa sai "gwamnanmu ya ce," "gwamnanmu zai zo." Wata Juma'a Malam ya dawo, na ajiye masa abinci, ya zauna yana kallon kwano kamar kwanon ya zage shi.

"Malam, lafiya?"

"Na ɗaga hannu."

"To sai aka yi yaya?"

"Shugaban zauren ya leƙo ya ce, Ustaz, miƙa kake yi ko shayi kake so? Aka kwashe da dariya."

Ni ma dariyar ta taso mini, na haɗiye ta da ruwa.

Cikin 'yan bencin baya akwai wani matashi da ke zaune a Zamalek, unguwar masu hannu da shuni, wurin yayansa mai babban aiki. Ba ɗan ƙasarmu ba ne na asali, ubansa ma'aikaci ne da aka mayar Abuja ya gina gida. Yana jin Turanci, yana tuƙa motar yayan, in ya fita daga ɗaki turarensa kan zauna ya jira shi. Shi ya kawo labarin. Wai a Amurka ma mutanen babban birninsu ba su da jiha, ba su da ƙuri'a a majalisa, sai suke zaɓen sanatoci nasu na kansu, marasa kujera, marasa albashi, aikinsu su yi ta buga ƙofa har a buɗe. Ya ce da Turanci na inuwa ake ce musu. Malam da bai taɓa sha'awar komai na Amurka ba, ranar sai da ya sa aka maimaita masa.

A falona aka yi zaɓen. Duka-duka ba su cika yatsun hannu biyu ba, don haka aka ce ni ma in jefa, a samu yawa. Tukunyar miyata ce akwati, sai da na wanke ta da toka don kada takardun su yi warin daddawa. Aka zaɓi Malam Gwamnan Inuwa, tunda shi ne babba kuma shi ne ya san sunayen tsofaffin ƙauyuka. Ɗan Zamalek ya zama Sanatan Inuwa. Wani ya zama kakakin majalisar da babu ita. Na ƙarshe ya ɓata fuska, aka ba shi kwamishina, aka ce ya zaɓi na mene ne daga baya. Ni kuma daga ranar sunana Fasledi.

Da suka watse na tambaye shi, "Malam, wai mene ne aikin gwamnan inuwa?"

"Shi ne wanda yake nan, amma a hukumance ba ya nan."

"Ai wannan aljani ne."

"Ke dai kwashe kofunan."

Abin da ɗan Zamalek bai hanga ba shi ne, inuwar Bature daban, ta Bahaushe daban. A wurin Bature, yadda aka bayyana mini, inuwa ita ce abin nan da ke bin mutum a ƙasa, ba jini ba tsoka. Bahaushe kuwa in ya ji an ce inuwa, tabarma yake nema. Labari ya tafi gida a bakin masu zuwa hutu da cikin kasetin saƙo, ya dawo mana da ƙafafu.

Wata safiya aka buga ƙofa. Na leƙa, saurayi ne dogo, da buhun Gana-mas-go a kafaɗa, idonsa duk barcin jirgi.

"Salamu alaikum, Hajiya. Nan ne gidan Inuwa?"

"Babu mai wannan sunan a nan."

"An ce mini gwamna ne. An ce duk ɗalibin da ya sauka ba shi da masauki, nan ake fakewa."

Na bar shi a kan matakala har Malam ya dawo. Ina jinsu daga bayan ƙofa. Malam ya fara yi masa bayani cewa kuskure ne, ya tambaye shi jiharsa don ya kai shi wurin wakilinsu. Sai kuma ya yi shiru. Na san wannan shirun. A makon da ya wuce ya kai ƙorafinsu zaure, shugaba ya ce masa cikin raha, "Ustaz, jiha mutane ce. Ku ko sahu ɗaya ba ku cikawa. Ku cika sahu biyu mu duba."

"Ka taɓa zuwa Abuja?" na ji Malam ya ce.

"Motarmu ta taɓa lalacewa a can, muka kwana a tasha."

"Ka kwana? Har safe?"

"Har safe."

"To ai kai ɗan gida ne. Shigo."

Daga shi ƙofa ta buɗe. Wani gwaggonsa ce ke sayar da abinci a wata kasuwa a can. Wani ya taɓa rakiyar kawunsa neman aiki. Wani ma dutsen nan na bakin hanya kawai ya hango ta tagar mota, dutsen da ko cikin ƙasarmu ba ya, amma Malam ya ce niyya ake dubawa. Wasu sun ɗauka Inuwa sunansa ne na yanka, suna ta kiransa da shi, har ya gaji ya fara amsawa.

Ba zan ce yaran banza ba ne. Suna da ladabi, suna ɗauko mini tulun gas daga ƙasa, suna wanke kwano su bar maiƙo a gindinsa. Amma mutum ko waliyyi ne yana cin wuri. Bayan sallar asuba su koma barci, kuma kowa ya san inda ya fi daɗi a falon. In na fito da yarinyar da hantsi, sai in tarar ranar tata an shimfiɗe a kanta, ƙafa kan ƙafa. In tsallake wannan in tsallake wancan, in samu ɗan yanki kamar faifai a gefen taga, in zaunar da ita a kan cinyata.

Takalma su ne abokan gabata. Bahaushe ba ya shiga ɗaki da takalmi, don haka ƙofarmu ta zama kamar ta masallacin Juma'a. Na samu babban bokiti, da na ji sallama in fito da sauri in kwashe in kai banɗaki. Sai kuma wanki. In na shanya jallabiyoyi a baranda, wata har ƙasa, wata iya gwiwa, na san Hagga tana sama tana mamakin mijin da yake dogo da safe ya gajarce da yamma. Na koma shanya a ɗaki, ɗakin ya fara wari irin na wancan da muka baro. Burodi ma na daina saye a bakin bene. In yi tafiya har bayan tashar mikrobas, ƙananan motocin haya, in dawo da shi a ƙarƙashin mayafi kamar mai cikin wata tara, in gaida bawwab ina murmushi, shi kuma yana kallon cikin da ke ƙamshin gashi.

Wata rana da azahar na ji ƙwas-ƙwas a ƙarfen baranda. Kwandon Hagga ne, babu komai a ciki. Na ɗaga kai. Ta yafito ni da yatsa.

Na goya yarinyar na hau. Ta zaunar da ni, ta zuba mini shayi, ta ba 'yar biskit. Har na fara cewa ko zumunci ne. Sai ta sa hannu a gefen kujera ta ɗago takalmi ƙwaya ɗaya, wani ƙato kamar kwalekwale. Ashe bawwab ya tsince shi a matakala, ya faɗo daga bokitina.

"Na mijinki ne?"

Larabcina na kasuwa ne, na nawa-ne da rage-mini. Amma na daɗe ina shirin wannan ranar. Na taɓa tambayar ɗaya daga cikin samarin yadda ake cewa gwamna, ya ce muhafiz. A garinmu in ka ce mutum gwamna ne, ko mai bin bashi sai ya cire takalmi. Don haka na gyara zama na ce mata mijina muhafiz ne. Na ƙara da wata kalma da nake ji a bakinsu kullum, intihabat, wato zaɓe, na kwatanta mata da hannu yadda ake jefa takarda a tukunya. Na ce waɗannan duk mutanensa ne.

Ina jiran ta ce masha Allah. Sai na ga fuskarta ta koma kamar toka. Matar da gwiwa ta hana ta sauka sayen burodi ta miƙe zumbur ta rufe tagogi duka biyu.

"Siyasa?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "A benena?"

Wannan kalmar ba ta buƙatar tafinta. Ta yi ta magana da sauri, tana nuna hoton ɗanta a bango, mai aikin gwamnati, tana haɗa wuyan hannayenta biyu kamar wanda aka sa wa ankwa. Abin da na tsinta shi ne farkon wata. Ta nuna ƙasa, ta kaɗa hannu kamar mai korar kaji. Sannan ta nuna ni, ta murɗa yatsa kamar makulli, ta buɗe tafin hannunta. Ko su tafi kafin sabon wata, ko mu ba da makulli.

A kan matakala yarinyar ta yi tari sau ɗaya. Wataƙila biskit ne ya sarƙe ta. Na zauna a nan na sauke ta na kafa kunne a bayanta, na daɗe ban tashi ba.

A kicin na tare Malam, don nan ne kaɗai ya rage mana a gidan.

"Malam, ka san giginya?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Inuwarta na nesa ke sha, na gindinta rana ke duka. To ni ranar ma nake roƙo, ita ma an hana ni. Hagga ta ce farkon wata. Ka tuna bangon can? Can za mu koma da yarinyar nan?"

Ya jingina da firij, ya cire hula ya riƙe. Na zaci zai kawo mini aya ko hadisi. Sai ya ce, "Ke kina ƙarama ranar da aka kwashe mu. Ni ina tsaye kusa da Baba. Da jami'in gwamnati ya gama karanta takardar tashinmu, Baba ya ɗaga hannu zai yi magana a kan kaburbura. Mutumin bai ko dube shi ba. Hannun yana sama har mutumin ya shiga mota." Ya mayar da hular. "Shi ma ba shayi yake so ba."

Na juya ina goge murhun da ba shi da datti.

"Juma'a mai zuwa za mu cika sahu biyu," ya ce. "Daga nan shi ke nan. Kowa ya kama gabansa."

Juma'ar ta zo, saura 'yan kwanaki wata ya mutu. Suka fita a jere, Malam a gaba da babbar rigarsa ta aure. Na tsaya a taga ina addu'a, ni kaina ban san wacce nake so Allah ya karɓa ba.

Da la'asar na hango su suna dawowa, sun ninka yadda suka fita, suna cika titi kamar masu dawowa daga idi. Na ɗaga kai na dubi barandar Hagga. Tagarta a rufe, amma ba duka ba.

Ashe sun ci nasara. Zaure ya ga sahu biyu har da ɗoriya, ya ba Birnin Tarayya kujera da ƙuri'a kamar kowace jiha. Sai dai shugaba ya ce wakilin gaskiya a gaban shaidun zaure ake zaɓensa, ba a tukunyar miya ba. Aka ce a ina? Wani ya ce gidan gwamnati mana. Gidan gwamnati kuwa falona ne.

Shaidan da aka turo wani ɗalibi ne mai ƙiba, da kwali a hammata an huda samansa. Ya tsaya a tsakar falo ya ce mai katin jami'a kaɗai ke jefawa. Na leƙo daga ƙofar kicin.

"Ni fa?"

"Hajiya, ke ai iyali ce."

"Wancan karon na jefa."

"Wancan na inuwa ne, Hajiya. Wannan na gaske ne."

Na dubi wanda motarsu ta lalace a tasha yana gyara katinsa a aljihun gaba. Ni cibiyata tana can a binne, wataƙila ƙarƙashin wani shataletale.

Ban san akwai ɗan takara na biyu ba sai da ɗan Zamalek ya miƙe. Ya fara da yabon Malam, ya ce uba ne, ginshiƙi ne, kuma uba hutu ya kamace shi don ya fuskanci karatu. Ya ce shi ya san yadda ake magana da manya. Ya ce duk sabon ɗalibin da ya sauka, mota za ta ɗauko shi daga filin jirgi. Aka yi kabbara. Malam ya tashi ya yi maganar ƙauyuka, ya jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da rafin da aka cike, da kukar da ake cin kasuwa a gindinta. Mai dutsen bakin hanya ya yi hamma, ya rufe baki da katinsa.

Aka jefa, aka juye kwali a kan tabarmata. Ƙuri'un Malam ba su rufe tafin hannun shaidan ba. Falon ya ɗauka da kabbara da tafi, har kofuna suna rawa a kan tire. Waɗanda suka ci tuwona tun farkon sanyi ba wanda ya yarda muka haɗa ido, sai dogon nan na farko da ya matso ya ce, "Fasledi, ma'alish, a yi haƙuri. Siyasa ce."

Wallahi da farko tausayi ne ya kama ni, don na ga Malam ya zauna a ƙasa yana taya su tafi a hankali. Sai kuma wani tunani ya zo mini, mai sanyi kamar ruwan randa. Na shiga banɗaki na jawo bokitin, na buɗe ƙofa na juye shi a kan matakala. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, na ji bakina yana cewa:

"Jama'a, barka da arziki. Inuwa ta koma Zamalek. Duk mai neman mafaka ya bi ta, an ce can har na'urar sanyi akwai. Yalla, kowa ya nemi ƙafarsa."

Sabon wakili ya buɗe baki ya dubi Malam, yana jiran ya tsawata mini. Malam ya sunkuyar da kai yana cire zare daga bakin rigarsa. Kafin magariba babu buhu ko ɗaya a falon. Daga baya na ji mai gadin benen Zamalek ko harabar bai bar su sun shiga ba, kuma a daren kowa ya tuna jiharsa ta asali.

Amma kabbarar ta riga ta hau sama. Ina shara na ji ana saukowa, taki ɗaya, hutu, taki ɗaya, hutu. Hagga ce da kanta, bawwab yana bayanta. Ta tsaya a ƙofa tana haki, ta dubi falon da babu kowa, ta dubi Malam a zaune a ƙasa ba hula. Na ɗauki yarinyar na rungume. Makullin yana rataye a ƙusa, na ga idonta ya sauka a kansa.

Ta ce ina muhafiz ɗin. Malam ya miƙe ya yi mata bayani da Larabcinsa na littafi, irin wanda in ya yi a kasuwa masu tumatir ke cewa sadaƙallahul azim. Daga baya ya fassara mini duka.

"An yi zaɓe, Hagga. Na faɗi."

"Ka faɗi? Kai da kake kan kujera?"

"Babu kujera, Hagga. Amma na faɗi."

"A falonka?"

"A falona."

"Wa ya ƙirga?"

"Wani ne daban."

Ta juya ta dubi bawwab, bawwab ya dubi silin. "A falonsa," ta ce masa, "kuma ya bar wani ya ƙirga." Sai dariya ta kama ta. Ta yi ta yi har ta dafa bango, har ta zauna a kan katifar da ban gama naɗewa ba, tana share hawaye da bakin gyale. Ta ce ta kai waɗannan shekarun ba ta taɓa ganin irinsa ba, a bar ta ta kalle shi da kyau.

Can dariyar ta tsaya cak. Ta rage murya ta tambaya ko waɗanda suka ci za su turo a tafi da shi. Malam ya ce a'a, a zauren za su haɗu Juma'a, shi zai koma bencinsa. Ba ta yarda ba. Ta ce haka ake cewa kullum. Ta miƙa hannu na ba ta yarinyar, ta ɗora ta a cinya ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce ba za ta jefa matar wanda aka kayar a titi ba, ba a gidansu aka koya mata haka ba. Mu zauna. Amma shi kada ya fita kwana biyu, kuma kada ya tsaya kusa da taga. Ta juya ga bawwab ta kafa masa doka: duk wanda ya zo da jaka yana tambayar gwamna, babu shi a benen nan, ba a taɓa yinsa ba.

A shakkar nan muka zauna har Malam ya gama karatu, a nan yarinyar ta yi tafiya, a nan ta yi ƙani. Kujerar Birnin Tarayya kuwa tana nan a zaure, an ce sabon wakili bai cika zuwa ba saboda nisa.

Bawwab ya riƙe doka fiye da yadda aka ba shi. Bayan wasu watanni yayana ya biyo ta Alkahira a kan hanyar umara, da ƙullin kilishi da kuka daga wurin Inna. A gida tuni tsokana ta mayar da Malam gwamna a bakin dangi, don haka da ya iso bakin bene abin da ya tambaya ke nan. Bawwab ya dafa ƙirji ya rantse masa da Allah babu, ya raka shi har bakin titi don ya tabbata ya tafi. Washegari ya dawo, aka sake rantse masa. A masallacin unguwa ya yi ta kwana da kilishinsa a matashin kai, sai da Allah ya sa suka haɗa sahu da Malam a sallar azahar.

Da ya shigo ya zauna, ya sha ruwa, ya dubi Malam sama da ƙasa.

"Yanzu na yarda gwamna ne," ya ce mini. "Kwana biyu ina zarya kafin in samu ganinsa."